Murfin da ya ƙi zama: nazarin yadda wani mai haɗa jirgi a Kano ya zaɓi maɓallan murfin injinsa

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa makanikin manyan janareto ne, shekarunsa sun ba arba'in baya, garejinsa kuma yana wajen Sharada. Shekara huɗu ke nan yana haɗa ƙaramin jirgin sama mai kujera ɗaya a wata rumfa bayan garejin, yana bin zanen da ya sayo daga waje. Na san aikin tun ana walda ƙashin jikin jirgin. Daga baya ni na riƙa riƙe masa littafin gwaji, ina rubuta lokacin da aka tayar da inji, minti nawa ya yi, da abin da aka gani bayan an kashe. Daga wannan littafi na ɗauko ma'aunan da ke cikin rubutun nan.

Kano ba baƙuwar jirgi ba ce. Tun ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a garin daga Masar, saukar da ake lissafawa a matsayin farkon zuwan jirgin sama Nijeriya. Duk da haka, da mutumin ya tashi neman ƙananan kayan ɗaurin jirgi, ya zaga Sabon Gari da Ƙofar Ruwa bai sami ko ɗaya ba. Abin da ke kasuwa na mota ne, da na gini, da na kafintoci.

Injin jirgin na tsohuwar Volkswagen ne, mai kama da kunkuru ɗin nan, wanda iska ke sanyaya shi ba ruwa ba. Silinda huɗu ne, biyu kwance a dama biyu a hagu. An faɗaɗa shi zuwa cc 1,835, yana ba da ƙarfin doki wajen 60, da farfelar katako a ɗaure a gabansa. Murfin injin na faiba ne, gida biyu, na sama da na ƙasa, kamar ƙwarya da aka kifa a kan 'yar'uwarta. Wani mai gyaran bamba da tankin ruwa ne ya taya shi zuba faibar da hannu.

Wanda bai san jirgi ba zai ɗauka murfin ado ne. Aikinsa ya wuce nan. Iska tana shiga ta ƙofofin gaba, ta taru a saman silinda, a tilasta mata ta bi ta tsakanin haƙarƙarin ƙarfen da ke jikinsu ta fita ta ƙasa da zafin. Wannan iskar da ta taru tana tura murfin sama daga ciki. A gudun kilomita 160 a awa, matsin iska yana kaiwa wajen kilo 110 a kan kowace murabba'in mita. Murfin sama na wannan jirgi murabba'in mita 0.6 ne, wato nauyin da zai iya ɗauka ya kusa kilo 65, kamar a ce mutum guda yana ciki yana tura shi da baya. Idan gudu ya ninka biyu, matsin sau huɗu yake ninkawa. Murfin da ya ɓalle a sama yana iya rufe wa matuƙi gilashi, ko ya bar inji ya ƙone.

Ga kuma buƙatar a buɗe shi kullum. Injin Volkswagen yana son a yawaita duba setin bawul, wanda ake sa wa tazarar milimita 0.15 yana sanyi. Ƙurar hunturu tana cika matatar iska da haƙarƙarin silinda. Kafin kowane tashi dole ido ya ga ko mai yana yoyo, ko waya ta goge. Saboda haka abin da ake nema shi ne maɗaurin da ba zai saki don kansa ba, amma mai jirgi ya iya sakinsa cikin 'yan mintoci.

Nuwamba zuwa Disamba: sukurori 34

Da farko ya yi abin da kowane makaniki zai yi. Ya kewaye bangon da ya raba inji da mazaunin matuƙi da leɓen alminiyam mai kaurin milimita 0.8, irin na masu taga, ya dasa masa notin nan da ake matsewa a rami kamar ribit, ya ɗaure murfin da sukurori 34 masu kaurin milimita 5.

Cirewa tana cin minti 25. Mayarwa ta fi haka, kuma sai da mutum biyu. Bayan inji ya yi aiki na jimillar awa 3 da minti 10, a ɗaure da igiya jikin darbejiya, sai ga garin toka-toka ya kewaye ramuka 11. Ramukan sun tashi daga zagaye sun koma siffar ƙwai, domin zaren sukuru yana cin faiba kamar magagari. Noti huɗu suka fara juyawa tare da sukurunsu, sai da aka huda su aka fitar. Wata rana sukuru ɗaya ya faɗa tsakanin silinda, aka shafe kusan awa ana farautarsa da maganaɗisu.

A mako na biyar na rubuta wani abu a littafin: an tayar da inji sau biyu a jere ba a buɗe murfi ba. A karo na uku da aka buɗe, an tarar baƙin mai ya jiƙa gefen hagu.

Janairu zuwa Fabrairu: kayan Ƙofar Ruwa

Sai ya koma ga sauri. Ya sayo sakata shida masu maƙalewa, irin na akwatin janareto, da doguwar pata irin wadda kafintoci ke sa wa murfin durowa, ya jera ta a gefe biyu inda murfin sama ya haɗu da na ƙasa. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma buɗewa ta dawo minti ɗaya.

Muddin inji yana ƙasa-ƙasa, lafiya lau. A mako na biyu na Fabrairu ya ba shi wuta zuwa juyi 2,800 a minti. Sakatar baya ta dama ta ɗaga da kanta, kusurwar murfin ta tashi kamar taƙi guda tana kaɗawa, kafin ya kashe inji faibar ta tsage santimita 12. Irin wannan sakata ba ta da kulle na biyu, kuma girgiza ta isa ta tunkuɗe ta. Ko kafin ta buɗe ma, tazarar santimita 30 da ke tsakanin sakata da sakata ta bar murfin yana kumbura, iskar da ya kamata ta sanyaya inji tana tsiyayewa ta baya.

Patar ma ba ta kai labari ba. Idanunta nannaɗe ƙarfen aka yi ba a haɗe bakin ba, sai suka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya daga gaba. Inda gefen murfin ya lanƙwasa kusa da hanci, wayar pata ta ƙi wucewa sai da guduma.

Maris: kwaikwayon Dzus

A nan ya fara jin labarin maɓallan da aka ƙera don wannan aiki, waɗanda rubu'in juyi kawai ke kulle su ya kuma buɗe su. Mafi tsufa a cikinsu shi ne Dzus, mai ɗauke da sunan William Dzus, ɗan asalin Yukren da ya ƙaura zuwa Amurka, ya ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1930 don murfin injin jirgi. Jiragen Yaƙin Duniya na Biyu sun yi amfani da shi ba adadi. Tsarinsa mai sauƙi ne. Namijin guntun ƙarfe ne mai kai kamar sukuru, da tsaga mai karkace a gindinsa. Macen kuma wayar sifirin ce mai lanƙwasa da ake ribit ɗinta a bayan leɓe. In ka juya namijin, tsagar ta kama wayar ta jawo ta, har ta faɗa wani ɗan gurbi ta zauna. Jan da wayar ke yi shi ke matse murfin.

Ya yi odar guda 24 ta intanet, waɗanda ake sayarwa don jikin baburan tsere, dukkansu tsawo ɗaya. Bayan mako uku suka iso, ya ɗaura wayoyin da ribit ɗin bindiga na masu alminiyam. Tara suka kulle daidai. Takwas sai ya danna sukudireba da dukkan ƙarfinsa. Bakwai kuwa sun kulle amma suna karkarwa a cikin raminsu. Ya ɗauki filaya ya riƙa lanƙwasa wayoyin, wannan a ɗaga, wancan a danne, har kowanne ya yi kamar ya zauna.

Bayan awa biyu na aikin inji, biyu suka buɗe da kansu. Ɗaya ya fice gaba ɗaya, domin ba shi da zoben da ke riƙe namiji a jikin murfi, iskar farfela ta wurga shi ya karce gilashin gaba. Daga nan ya dakatar da tayar da inji.

Afrilu: ziyarar dattijo da ma'auni

Wani abokin cinikinsa ya haɗa shi da wani dattijo da ya yi ritaya daga gyaran jirage, wanda ya yi karatu a kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Dattijon ya zo da hantsi, ya zaga jirgin, bai taɓa maɓalli ko ɗaya ba. Ya ce, "Injiniya, cire murfin nan ka mayar in gani."

Da ya zo mayarwa, sai ya sa gwiwa ya danna gefen dama don ramuka su haɗu, kamar yadda ya saba tun Nuwamba.

"Ɗana, wannan gwiwar da ka sa, wa zai riƙe maka ita a sama?"

"Baba, ai sai an danna yake shiga."

"To maɓallanka ne ke yin aikin gwiwar, dare da rana, tun kafin iska ta zo da nata."

Abu na biyu, dattijon ya sa aka goga alli a bakin duk wani ƙarfe da ke jikin inji, aka rufe, aka tayar na minti ɗaya aka kashe. Da aka buɗe, alli ya fito a wuri biyar a cikin murfin. Inji yana zaune ne a kan robobi, yana jijjiga musamman lokacin tashi da mutuwa, shi kuwa murfi a jikin jirgi yake ɗaure, ba ya motsi. Shingayen da ke tare iska a saman silinda suna dukan murfin daga ciki, kowane duka kuma a kan maɓalli yake ƙarewa. Tazarar da ke bayan cibiyar farfela ma milimita 3 ce kawai.

Abu na uku shi ya ɗauki yini. Ya fito da ma'aunin kauri daga aljihu, ya sa aka ba kowane rami lamba, aka auna kaurin faiba haɗe da leɓe a kowane ɗaya. Mafi siriri milimita 2.7, mafi kauri 5.6. Faibar da aka zuba da hannu haka take: inda ƙyalle ya hau kan ƙyalle ta yi tudu, inda aka goge da yawa ta yi kwari. Dattijon ya nuna masa cewa Dzus na asali yana da rubutu a kansa, harafi mai nuna siffar kan, lamba mai nuna kaurin jiki a kason inci 16, da wata mai nuna tsawo a kason inci 100. Ana zaɓen tsawon namiji da tsayin waya ne gwargwadon kaurin abin da za su matse. Waɗanda ya sayo kansu fayau yake. Waya kuma in aka lanƙwasa ta da filaya, ƙarfin janta ya tashi daga yadda aka ƙera shi, ba ta kuma zama a gurbi yadda ya kamata.

A ranar ba a zaɓi maɓalli ba. Takarda ɗaya mai lambobi 24 aka manna a bango.

Mayu: zaɓi

Wata guda ya yi yana karatu yana kai wa dattijo tambaya. Hanyoyi biyar suka baje a gabansu.

Dzus na asali yana da araha a cikin kayan jirgi, ba shi da nauyi, kuma wanda ya iya ɗaura shi zai jera tsagogin kawunansa su kalli gefe ɗaya in sun kulle, ta yadda ido zai gane wanda aka manta. Sai dai ba ya yafe kuskuren kauri, kuma duk riƙonsa yana kan waya ɗaya da ribit biyu.

Camloc ya bambanta. Namijinsa yana da 'yar sanda a gicciye a gindi, da sifirin a cikin wani ɗan kofi ƙarƙashin kai. Macen gida ce ta ƙarfe mai gangara a ciki, sandar ta hau gangarar ta faɗa gurbi. In bai kulle ba, sifirin yana turo kan waje ya yi tsaye, daga nesa za ka hango shi. Akwai ƙananan samfuri, 2600 mai kai a waje da 2700 mai kai a shafe, na ƙananan ƙofofi. Akwai babba, 4002, wanda ke zuwa da zoben ƙarfe da ake dasawa a ramin murfi a riƙe shi da wani siririn zobe ta baya. Wannan zobe ya ja hankalinsu ƙwarai, domin shi ke shiga tsakanin namiji da faiba, ƙarfe ya goga ƙarfe maimakon ya ci murfi. Tsawon mazan Camloc yana hawa ne da inci 0.030, wato milimita 0.76, daga lamba zuwa lamba. Da kaurin da ke kan takardar bango, sai ya sayi tsawo huɗu ko biyar, kuma kowane namiji yana da raminsa da ba zai yi aiki a wani ba.

Kamfanin Skybolt na jihar Fulorida a Amurka yana yin irin wannan tsari, amma macensa tana da ciki mai zare da ake murɗawa ta shiga ko ta fito har matsi ya yi daidai, sannan a kulle ta. Tsawo ɗaya na namiji ya isa dukkan ramuka. Ga mai faiba marar daidaito wannan sauƙi ne babba, amma ya fi tsada, kuma da dala ake biya.

Sai pata ta jirgi, mai lamba MS20001. Ita ba nannaɗe ta ake yi ba, a cure take fitowa daga injin ƙira da idanunta a rufe, babu bakin da zai buɗe. Dattijon ya tuna masa cewa jiragen horo 60 na Air Beetle da aka haɗa a Kaduna don sojan saman Nijeriya daga samfurin RV-6A na kamfanin Van's suka samo asali, kuma a tsarin wannan kamfani pata ce ke riƙe yawancin murfin inji. Tana raba nauyi a tsawon gefe gaba ɗaya, ba ta barin kumburi, amma miƙaƙƙen layi take so. Na biyar shi ne sukuru na jirgi da noti mai fukafukai da ake ribit ɗinsa a leɓe, wanda ke riƙe sukuru da kansa ba ya juyawa.

Sun yi lissafin nauyi. Ko da maɓallai tara ne kaɗai za su ɗauki kilo 65, kowanne bai kai kilo 8 ba, abin da ƙaramin Camloc ma zai ɗauka ba tare da wahala ba. Ashe ƙarfin ja ba shi ne abin dubawa ba. Abin da zai sa a matso da maɓallai kusa da juna shi ne hana kumburi, abin da zai sa a ɗauki babba kuma shi ne girgiza da kare faiba.

Ga abin da ya tsayar. A kewayen bango, inda layi ya lanƙwasa, Camloc 4002 guda 16, tara a sama bakwai a ƙasa, tsakanin kowane biyu santimita 9.5. A gefe biyu, patar MS20001 mai tsawon santimita 55, a tsaya da ita kafin lanƙwasar hanci. A hanci, bayan farfela, inda girgiza ta fi tsanani kuma wuri ya yi ƙaranci, sukurori huɗu da noti mai fukafukai. A 'yar ƙofar duba mai, Camloc 2600 guda biyu. Bai ɗauki na Skybolt ba saboda kuɗi. Maimakon haka ya ɗauki alƙawarin daidaita bakin murfin da hannunsa. Ya kuma zaɓi na ƙarfe mai rufin kadmiyam a kan wanda ba ya tsatsa, tunda Kano ba bakin teku ba ce.

Yuni zuwa Agusta: gyaran murfi da ɗaurawa

Kafin kaya su iso ya yi aikin da ya fi kowanne cin rai. Ya ware santimita 4 a bakin murfin, ya goge tudu, ya cike kwari da ƙyallen faiba da gam ɗin efoksi, yana aunawa yana sakewa, har kauri ya tsaya tsakanin milimita 2.2 da 2.8 ko'ina. Mako uku a cikin zafi da ƙaiƙayin faiba. Ya yanke milimita 6 a gefen dama ya sake gina gefen, har murfin ya riƙa faɗawa mazauninsa da nauyinsa kawai. Ya rage shingayen iska suka ba murfi tazarar milimita 12, ya cike tazarar da leɓen roba mai jure zafi wanda iska ke dannawa jikin murfi ta rufe kanta. Bayan farfela ya bar milimita 8. Ya cire leɓen masu taga ya sa alminiyam na jirgi, 2024-T3, mai kaurin milimita 1.3.

Wajen huda akwai dabarar da ta burge ni. Matsalar ita ce ramin murfi ya faɗa daidai tsakiyar na leɓe, alhali murfin ya rufe leɓen ba ka gani. Da yake faibar ba fenti, sai suka jira magariba, yaron gareji ya riƙe tocila daga ciki, ɗan ramin da aka riga aka huda a leɓe ya fito a waje kamar tauraro. Aka fara daga tsakiyar sama ana sauka hagu da dama, ana huda milimita 3, ana sa ɗan noti ya riƙe kafin a matsa gaba. Sai da duka suka zauna sannan aka faɗaɗa ramukan murfi zuwa kusan milimita 12 don zobe, tsakiyar kowanne tana milimita 17 daga baki. Matan kuma da ribit na gaske aka dasa su, curarre mai kaurin inci 1/8 da ake bugawa a kan ƙarfe, bayan ya ɓata wajen talatin yana koyo a kan tarkace. Filayar da ke matse sifirin don namiji ya shiga zobe bai saya ba, tsohuwar filaya ya gyara da injin goge ƙarfe.

A nan ma an yi tuntuɓe. Ya yi odar tsawo biyu bisa ma'aunin faiba tsirara. Da aka yi fenti, aka kuma manna siririn tef a kan leɓe don hana gogayya, kauri ya ƙaru da kusan rabin milimita. Biyar cikin 16 suka ƙi kullewa. Ya so ya kankare fentin, dattijo ya ce, "A'a, Injiniya, ka riga ka ga inda gyaran filaya ya kai ka." Aka yi odar lamba ta gaba, aka jira mako biyar. Biyu daga cikin sababbin suka ɗan yi tsawo, aka sa wa matansu ɗan falle na alminiyam mai kaurin milimita 0.4 a ƙarƙashi, suka zauna.

Satumba zuwa Disamba: gwaji

An fara da yashi. Aka yi firam na katako mai siffar bango da gefuna, aka ɗaure murfin sama a jikinsa da maɓallai da pata, aka juya shi cikinsa ya kalli sama, aka jera ƙananan buhunan yashi kilo 130 a cikinsa, ninki biyu na lissafi, na minti goma. Kumburin da aka auna tsakanin maɓalli da maɓalli bai kai milimita ɗaya ba.

Sai inji, minti 20 zuwa 30 a kowane zama, domin injin da iska ke sanyayawa ba ya son dogon aiki a ƙasa. An lanƙwasa siririyar tiyo mai gani-har-hanji aka zuba mata ruwa, baki ɗaya a saman silinda ɗaya a ƙasa. A watan Maris bambancin ruwan santimita 3 ne a cikakkiyar wuta. Yanzu ya kai 6.

A awa ta tara zoben maɓallin ƙasa na hagu ya fara motsi. Faibar da ke kewaye da shi ta yi launin ƙasa ta yi laushi, domin bututun salansa yana santimita ɗaya daga wurin. Aka karkatar da bututun zuwa santimita 3, aka sake gina wurin, aka manna fallen alminiyam mai mayar da zafi, aka canza maɓallin gaba ɗaya, tunda rufin kadmiyam ba ya jure zafin da ya wuce digiri 230.

Da hunturu ya shigo, maɓallai suka fara tauri. Yaron gareji, da kyakkyawar niyya, ya shafa musu giris, ƙura ta haɗu da shi ta zama laka a cikin matan. Aka wanke da kalanzir aka busa da iska, aka bar su a bushe. Wayar pata kuma kyandir ake goga mata.

A ƙarshen Disamba littafi ya nuna awa 21 a kan sabon tsari. An buɗe murfi sau 47. Babu maɓallin da ya saki, babu garin toka a bakin rami, alli bai sake fitowa a ciki ba. Mutum ɗaya yana cire murfin sama cikin minti uku.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Wanda ya ga jirgin yau zai ce Camloc ne ya warware matsalar. Ban yarda da haka gaba ɗaya ba. Da an ɗaura Camloc ɗin nan a watan Maris, a kan murfin da ake dannawa da gwiwa, inji yana dukansa a wuri biyar, kaurinsa yana tashi daga 2.7 zuwa 5.6, da ya ɗan fi jimawa, sannan faibar ta tsage a bakin zobe. Gwaji ukun farko sun faɗi ta hanyoyi dabam-dabam, amma duka an ɗora musu kaya biyu da ba nasu ba: riƙe murfin da bai dace da mazauninsa ba, da shanye motsin inji. Aikin watan Yuni ne ya sauke waɗannan kaya, kuma a ganina shi ne rabi mafi girma na nasarar. Ina kuma ganin Dzus na asali, in an auna shi da kyau, da zai iya zama a kan murfin da aka gyara.

Duk da haka zaɓin yana da nasa rabo. Zoben 4002 ya raba ƙarfe da faiba, abin da sukuru da kwaikwayon Dzus ba su yi ba. Namijin ba ya ficewa daga murfi. Wanda bai kulle ba yana tona kansa. Raba aikin gida uku, maɓalli a lanƙwasa, pata a miƙe, sukuru a hanci, ya sa kowane maɗauri inda ya fi iyawa, ko da yake sukurorin huɗu su ke cin rabin mintoci ukun.

Inda nake ganin ya yi asara shi ne ƙin na Skybolt. Mako biyar na jira da kuɗin jigila sau biyu sun cinye yawancin abin da ya yi niyyar ragewa, kuma ga wanda ke Kano, inda kowane kuskuren rabin milimita sai an ƙetare teku kafin a gyara shi, mace mai murɗawa ta cancanci kuɗinta. Shi bai yarda da ni ba. Ya ce daidaita bakin murfin dole ne ko da wane iri ya saya, kuskuren fenti kuma nasa ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne layin da na rubuta a Disambar farko, ranar da aka tayar da inji ba a buɗe murfi ba. Makaniki ne mai tsantseni, amma minti 25 sun rinjaye shi tun yana ƙasa. Sau 47 a cikin awa 21 yana nufin ba a yi zama ɗaya ba tare da ido ya ga inji ba.

Jirgin bai tashi ba tukuna, kuma ba zai tashi ba sai Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, NCAA, ta duba shi ta ba da izini. Iskar farfela a ƙasa ba ta kai matsin da murfin zai gamu da shi a sama ba, yashi kuma ba ya girgiza. Saboda haka dattijo ya sa an ƙara layi a takardar binciken kafin tashi: a bi maɓallai 16 da yatsa ana ƙirgawa da baki, a taɓa kan wayoyin pata biyu a tabbatar suna cikin maƙalinsu, bayan kowace awa biyar na farko kuma a cire murfin a duba bayan kowane zobe da tocila. Maza uku na kowane tsawo suna cikin gwangwanin madara a kan kanta, an rubuta lambarsu a jiki.